Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tura Ɗaliban Laburare Ƙasashen Waje: A Shigar Da Su Ta Ƙofar Ma'aikata

Zuwa ga shugabannin sassan koyar da aikin laburare a jami'o'i da kwalejoji, da hukumomin da ke ɗaukar nauyin tafiyar ɗalibai.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto muku wannan takarda ma'aikatan laburare ne da malaman fannin; wasunmu a sashen katalog, wato kundin bayanan littattafai, suke, wasu a ɗakin gyaran littafi, wasu a ɓangaren na'ura. Maganarmu a kan tafiyar nan ce da ake shirya wa ɗalibai zuwa ƙasashen waje don su ga yadda ake aikin, su kuma san irin guraben da ke cikinsa. Ba mu da ja a kan tafiyar, domin gani ya kori ji. Inda muke da ja shi ne ƙofar da ake shigar da yaran.

Ga yadda aka saba yi. A cika mota da ɗalibai talatin ko arba'in, a zaga laburare shida cikin kwana biyar. A kowanne a sami mai rakiya ya nuna musu babban zauren karatu da tsohon littafi a cikin gilashi, a tsaya a bakin matakala a ɗauki hoto, a wuce na gaba. Abin da suka gani ɗin, duk ɗan yawon buɗe ido ma ya gani. Aikin da za su ci abinci da shi yana bayan ƙofar da aka rubuta wa "ma'aikata kaɗai": ɗakin karɓar sababbin littattafai, teburin mai katalog, rumbun ajiya, ɗakin na'urori, da ofishin da ake ja-in-ja a kan kasafi. Wanda bai shiga nan ba ya ga gini ne kawai.

Roƙonmu na farko a kan yawa ne. Kada tawaga ta wuce ɗalibai goma sha biyu da malamai biyu. Ɗakin gyaran littafi ba ya ɗaukar fiye da baƙi uku ko huɗu a lokaci guda, kuma babu mai katalog da zai iya nuna wa mutum ashirin allon kwamfuta ɗaya. A raba su uku-uku, su riƙa juyawa tsakanin sassa. Mako biyu ya isa, amma a wuri biyu ko uku kawai, kowanne aƙalla kwana uku, ban da babban laburaren ƙasa. Rana ta farko mai gida yana nuna abin da yake alfahari da shi ne. Sai a rana ta uku ake ganin kwalayen da suka shekara ba a buɗe ba, kuma a nan darasin yake. In kuma an ga sunayen manyan jami'ai sun kusa kamo na ɗalibai yawa a jerin matafiya, to tafiyar ta sauya manufa, gara a kira ta da sunanta na gaskiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta wa masu masauki wata tara zuwa shekara guda kafin lokaci, kuma ga shugaban sashen da ake so ko ofishin hulɗa da ƙasashen waje, domin takardar da aka aika adireshin tambayoyin jama'a, rangadin baƙi na awa ɗaya za a amsa ta da shi. A nemi jadawali a rubuce, rana-rana, da sunan sashe da mukamin wanda zai karɓi yaran. A guji lokacin jarrabawa in laburaren jami'a ne, a kuma guji watan Agusta a yawancin Turai, lokacin da ofisoshi ke zama rabi saboda hutu. Bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ana iya nemanta tun saura wata shida, amsa kan fito cikin kwana 15 amma tana iya kaiwa 45, kuma sai da inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Akwai wani tarko a takardar gayyata: bizar baƙo ba ta ba da izinin aiki. In mai masauki ya rubuta cewa ɗalibai za su zo su "yi aiki", ko da kyauta ne, ofishin jakadanci na iya mayar da su rukunin da ba shi suka nema ba. A sa shi ya rubuta ziyarar karatu da lura, kuma kalmomin takardarsa su yi daidai da na fom. Katin shiga ɗakin bincike ma yana da nasa sharaɗi. Laburaren Birtaniya yana neman shaidar mutum, ga shi ba a shiga da biro sai fensir. Ɗalibin da bai zo da takardar shaida ba a farfajiya zai wuni.

Kafin a saya wa ɗalibi tikiti, ya nuna ya shigar da littafi ashirin katalog da hannunsa a tsarin MARC 21, wato tsarin rubuta bayanan littafi a kwamfuta gurbi-gurbi. Ya san gurbi na 020 na lambar shaidar littafi ta duniya (ISBN) ne, 100 na marubuci, 245 na suna, 264 na wurin bugu da shekara, 300 na yawan shafi da girma, 650 na maudu'i. Ya san bambancin tsarin Dewey, wanda ya fito a 1876 da manyan rukunai goma, da tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka mai haɗa harafi da lamba. Ya kuma girka manhajar Koha ta gudanar da laburare a kwamfutarsa, tunda kyauta ce, ya ba da aron littafi ya karɓa ko sau goma ne. In ba haka ba, mai masauki zai ɓata kwana biyu yana koyar da abin da ke cikin darasin aji biyu, a kan kuɗin otal na ƙasar waje. Kowane ɗalibi kuma ya tafi da tambaya ɗaya tak da zai bi diddiginta a duk inda aka je, misali me ake yi da wanda bai dawo da littafi ba, ko wa ke yanke shawarar littafin da za a cire daga kanta.

Sai zaɓen wurin zuwa, inda aka fi yi wa rogo kallon kitse. Manyan laburarorin ƙasa suna da kwarjini, kuma ya kamata ɗalibi ya ga ɗaya, amma kwana guda ya wadatar. Ko a nan a zaɓa da lura. Ginin Laburaren Birtaniya da ke Landan shi ne fuskar gidan, amma mafi yawan kayan suna can Boston Spa a yankin Yokshaya, a rumbunan da na'ura ke ɗauko akwatuna, aka kuma rage iskar oksijin don wuta ba ta samu abin ci ba. Mai son fahimtar ajiya can ya kamata ya nufa. Laburaren Oodi da aka buɗe a Helsinki a Disambar 2018 yana da kekunan ɗinki da ɗakunan naɗar sauti da na'urorin buga siffa, kuma baƙi kan dawo da labarin kayan. Abin ɗauka a wurin shi ne yadda aka daɗe ana tambayar mutanen birnin abin da suke so kafin a gina, kuma wannan ba ya buƙatar kuɗin Finland. Sauran kwanakin a ba ƙaramin reshen unguwa mai ma'aikata huɗu ko biyar, ko laburaren kwaleji, inda mutum ɗaya ke sayen littafi da safe, ya koyar da yara da rana, ya gyara na'urar buga takarda da yamma. Yawancin ɗalibanku irin wannan wuri za su fara aiki. A kuma daina ɗauka cewa "waje" na nufin Turai da Amurka kawai. Ƙasar da yanayinta da aljihunta suka yi kusa da na inda yaran za su koma, darasinta ya fi saurin kama ƙasa. Laburaren Iskandariyya da aka buɗe a 2002 yana nan, ga Singafo da ta fara liƙa wa littattafan laburarorin jama'a guntun rediyo, wato ɗan tambarin da na'ura ke gane littafi da shi, tun ƙarshen shekarun 1990, ga Indiya, ga Afirka ta Kudu.

Aiki mafi amfani da za a ba ɗalibi a can shi ne ya bi littafi ɗaya daga oda har kanta, da agogo a hannunsa. Wa ya zaɓe shi, daga wane kaso na kasafi? Da kwali ya iso, wa ya gwada abin da ke ciki da takardar kuɗi? Sai hatimi, sai lambar rajista, sai katalog. A nan ya tambaya: cikin littafi goma, nawa ake kwafo bayaninsu daga rumbun bayanan littattafai na intanet irin WorldCat, nawa ake rubutawa daga tushe? Na kwafe minti kaɗan ne, na tushe kan ci awa ko fiye, kuma wannan bambanci shi ke nuna ma'aikata nawa sashe ke buƙata. Daga nan lambar rukuni, tambarin ƙashin baya, lambar zane-zane da na'ura ke karantawa ko guntun rediyo, sai kanta. Ya rubuta kwana nawa tafiyar ta ɗauka da inda littafin ya fi daɗewa a kwance. Kusan ko'ina a jiran katalog ne, kuma masu gaskiya za su nuna masa tarin.

A wannan teburin akwai tambayar da ɗalibi mai jin Hausa ya fi kowa cancantar yi. Ya sa a nemo masa littafin da sunansa ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, sau ɗaya da lanƙwasa, sau ɗaya babu. In manhaja ba ta ɗauki haruffan biyu a matsayin 'yan uwa ba, rabin masu nema ba za su ga littafin ba alhali yana kan kanta. Ya kuma ga yadda ake amfani da gurbi na 880 wajen ajiye suna da ainihin rubutunsa, Larabci ko ajami, kusa da na boko. Haka batun sunayen marubuta: mutum ɗaya a rubuta sunansa iri biyar, littattafansa su watse wuri biyar. Maganinsa kundin tabbatattun sunaye, kuma aiki ne da laburarorin waje ke neman wanda ya san harshen ya taimaka musu a kai. Nan ɗalibinku ba mai karɓa ba ne kawai.

A ɗakin adanawa, lambobi ya kamata su dawo da su. Takarda tana son sanyi daidai, wajen digiri 16 zuwa 20, da danshin iska tsakanin kashi 35 zuwa 55 cikin ɗari. In danshi ya zarce 65 ya zauna, fumfuna ta samu gida. Abin da ya fi zafi ɓarna shi ne hawa da saukar zafi da danshi, shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa da safe a kashe da yamma kan fi rashinta illa: takarda da fata suna kumbura suna motsewa kullum har ɗinki ya saki. Wanda ba shi da tabbacin lantarki ya fi tsira da ɗakin ciki mai kaurin bango, iska mai yawo, kanta ɗage daga ƙasa da kamar santimita 15, da akwatunan kwali marasa asid. Littafin da ya jiƙe yana da awa 48 zuwa 72 kafin fumfuna ta kama. In ba za a iya busar da shi cikin wannan lokaci ba, a naɗe shi a sa a firiza har a samu sarari. Duniyar laburare ta koyi yawancin wannan ne bayan ambaliyar birnin Fulorans na Italiya ta Nuwambar 1966, da laka ta mamaye babban laburaren ƙasa na birnin. Ƙwari kuma ana kashe su da sanyi: a rufe littafi a leda, a bar shi mako guda a digiri 20 ƙasa da sifili, sannan ya huce a hankali cikin ledar kafin a buɗe, don raɓa ta sauka a kan leda ba a kan shafi ba. Su ga yadda ake liƙe yagaggen shafi da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama, su ji dalilin haramta salatif, wanda ke bushewa ya faɗi ya bar tabon da ba ya fita. Farar safar hannu ta auduga da ake gani a talabijin ma, masu aikin sun fi son hannu wankakke busasshe, domin safa na rage ji a yatsa har a yage gefen shafi.

Sashen ɗaukar hoton littattafai shi ya fi ruɗar baƙi, kowa ya dawo yana cewa a sayi sikana. A sa su yi lissafi a gaban mai masauki. Shafi ɗaya mai girman A4, da launi, a ɗigo 400 kowane inci, a tsarin ajiye hoto na TIFF, ya kai megabayit 46. Littafi mai shafi 300 ya doshi gigabayit 14. Littafi dubu terabayit 14 ke nan, kuma ƙa'ida kwafi uku ce, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, ya zama 42. Ga wanda zai rubuta bayanin kowane hoto, ga mai duba ko an tsallake shafi, ga batun haƙƙin mallaka. Na'urar ita ce mafi arha a cikin aikin. Ayyukan da suka mutu, yawanci a kan sunan fayil da bayanin hoto suka mutu: hotuna dubbai a faifai, babu wanda ya san na wane littafi ne.

Muna kuma ba da shawara kowace tawaga ta karanta rahoton da Laburaren Birtaniya ya fitar a Maris 2024 kan kutsen da aka yi masa a Oktoban 2023. Masu neman kuɗin fansa sun shiga, an ƙi biyansu, suka saki bayanan da suka sata, babban katalog ya yi watanni ba ya aiki. Rahoton bai ɓoye ba cewa tsofaffin manhajoji da rashin tantancewa mai mataki biyu a wata ƙofar shiga daga nesa sun taimaka wa ɓarayin. Tambayar da ɗalibi zai yi wa kowane mai masauki ita ce: in na'ura ta mutu gobe da safe, da me za ku ba da aro, kuma yaushe rabon da ku gwada dawo da bayanai daga kwafin ajiya?

Yanzu batun guraben aiki, inda muke roƙon a gaya wa yara gaskiya tun kafin su hau jirgi. Takardar halartar ziyara ta mako biyu ba lasisin aiki ba ce a ko'ina. A Amurka da Kanada, yawancin guraben ƙwararru suna neman digiri na biyu daga makarantar da ƙungiyar laburarorin Amurka, ALA, ta amince da ita. A Birtaniya ƙungiyar ma'aikatan laburare ta CILIP, wadda aka kafa a 2002, ita ke tantance kwasa-kwasai da ba da shaidar ƙwarewa bayan mutum ya gabatar da kundin ayyukansa. A Faransa manyan mukamai na gwamnati ne, ta jarrabawar gasa ake shiga, sannan horo a makarantar Enssib kusa da Liyon. A Jamus akwai hanyar koyon sana'a ta shekara uku, wani ɓangare a aji wani a bakin aiki. Ɗalibin da ya san wannan ba zai faɗa hannun dillalan da ke sayar da mafarki ba. Akwai kuma ƙofofi na gaskiya ga wanda ya fara aiki, kamar Cibiyar Mortenson a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, wadda tun 1991 take horar da ma'aikatan laburare daga ƙasashe daban-daban, da tallafin halartar taron ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA. Waɗannan masu 'yan shekaru a bakin aiki suke nema, don haka a ambata su a matsayin abin gaba.

Abin da tafiyar za ta iya yi shi ne faɗaɗa musu ma'anar aikin. Yawancinsu sun ɗauka ma'aikacin laburare shi ne mai zama a bakin ƙofa da hatimi. Su zauna da mai kula da manhaja, da mai tsara bayanan binciken malamai, da mai cinikin kuɗin mujallun intanet da kamfanoni, da na asibiti, da na kotu, da na gidan yari, da mai shirya littattafai ga makafi ƙarƙashin yarjejeniyar Marrakesh ta 2013. Kowane ɗalibi ya yi hira da uku: me ka karanta, ta yaya ka sami aikin farko, me ke cin mafi yawan wuninka, aikin na dindindin ne ko na kwantiragi? Ya kuma tattaro tallan guraben aiki goma daga ƙasar, ya ja layi a ƙarƙashin ƙwarewar da ake nema. In an dawo a ɗora waɗannan kusa da manhajar karatunku. Mun san ba kowane shugaban sashe ne zai ji daɗin sakamakon ba, musamman inda har yanzu ake koyar da tsohuwar ƙa'idar katalog ta AACR2 kaɗai alhali manyan laburarori sun koma sabuwar ƙa'idar RDA tun 2013, amma wannan takarda ɗaya ta biya kuɗin tikiti.

A kan zaɓen matafiya, a liƙa sharuɗɗa a allo kafin a buɗe neman, a kuma ware gurbi ga wanda ya cancanta amma ba shi da hali. A tanadi masauki da rakiyar da za ta sa iyayen ɗalibai mata su saki jiki, a tambayi mai masauki tun wuri ko mai keken guragu zai iya shiga rumbu. A kasafi a bar kashi goma cikin ɗari don abin da ba a zata ba, wani kashi goma kuma don bayan dawowa. Wannan na biyun shi ake fara yankewa, shi ya sa tafiye-tafiye da yawa ke ƙarewa a filin jirgi.

Tafiyar ta zama kwas mai maki. Cikin kwana talatin da dawowa kowane ɗalibi ya miƙa shafi biyar, ba labarin tafiya ba: gyara ɗaya da za a iya yi a laburaren makarantarsa, da matakansa, da kayan da ake buƙata, da wanda zai yi, da abin da zai iya hana shi yiwuwa. Misali sanya ma'aunin zafi da danshi a rumbu ana rubutawa sau biyu a rana har wata uku, ko gyara sunayen marubuta ɗari a katalog, ko rubuta jerin wanda za a kira da abin da za a fara ɗauka in ruwa ya shigo da dare. Su gabatar a gaban 'yan ajin da ba su je ba da ma'aikatan laburaren, a zaɓi biyu a aiwatar da kuɗin da aka ware, a saka rahotannin a ma'ajiyar jami'a ta intanet don tawagar baɗi ta fara daga inda ta bana ta tsaya. A aika wa mai masauki godiya da kwafin abin da aka rubuta a kansa. Masu karɓar baƙi sun fi sake buɗe ƙofa ga wanda ya waiwayo.

In akwai sashen da ke shirya tafiya a zangon karatu mai zuwa, muna roƙon ya ba ma'aikatan laburaren makarantarsa daftarin jadawalin su duba kafin a biya kuɗin jirgi, a kuma sa ɗaya daga cikinsu, mai katalog ko mai gyaran littafi, a cikin malamai biyun da za su raka yaran.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan laburare da malaman fannin